Tayi na Biyu

Mahaifiyata ba ta taɓa dukana a kan ƙarya ba, ba ta taɓa dukana a kan faɗa ba, amma ta dake ni a kan ɗanwake. Ina ɗan shekara bakwai ta aike ni gidan maƙwabta aron rariya, na tarar matar gidan ta zuba ɗanwake ya sha mai da yaji. Ta ce, "Bismillah," ni kuwa na tsuguna na sa hannu. Kafin in dawo da rariyar labari ya riga ni isa gida. Ta kama kunnena ta murɗe har sai da na ga taurari da rana tsaka.

"Wa ya ce maka tayin farko na ci ne?" in ji ta. "Na farko gaisuwa ne, ka ce ka ƙoshi. In an sake, ka ce Alhamdulillahi. Sai an yi na uku, an riƙe maka hannu, sannan ka ɗan taɓa. Ɗan mutunci ba ya nuna yunwarsa."

Da wannan karatun na girma a Kano, da shi kuma na hau jirgi zuwa New York yin digiri na biyu a fannin zanen gine-gine. Duk abin da aka koya min a jami'ar can ya zauna ne a bisa wannan na farkon, bai ture shi ba.

Ga yadda dokar take ga ɗalibin da ya zo daga waje. In ka gama karatu ana ba ka katin aiki na wata goma sha biyu, ka yi aikin gwaji a fannin da ka karanta kaɗai. Masu karatun kimiyya da injiniya ana ƙara musu lokaci, mu masu zane a lokacin ba ma cikin masu wannan gata. A cikin shekarar kuma ba a yarda ka zauna babu aiki fiye da kwana casa'in ba. In kana son ka wuce shekarar, sai kamfanin da kake yi wa aiki ya tsaya maka, ya ɗauki lauya, ya shigar da takardunka a farkon Afrilu, sannan a jefa sunanka cikin ƙuri'a. Afrilu sau ɗaya take zuwa a rayuwar katin. Nawa ya fara aiki a Yuli, zai mutu a Yuli mai zuwa, kuma babu ranar da na tashi ban tuna da haka ba.

Na yi sa'a, sati uku da samun katin wani ƙaramin kamfani a unguwar Brooklyn ya ɗauke ni. Ba mu kai mutum ashirin ba. Aikinmu gyaran tsofaffin gidaje ne, ni kuma aka bar min matattakala da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Ina shiga da tef da fitila in auna wuraren da ko ɓera sai ya yi shawara kafin ya shiga, in dawo ofis in zana. Mai kamfanin wata dattijuwa ce mai furfura, tabarau rataye a wuya, ina ce mata Madam duk da ta hana ni sau ba adadi. Mace ce mai adalci, wannan ba zan hana ta ba. Amma tana iya cin tuffa a gabanka tun daga fatar har ƙwallon ba ta ce maka bismillah ba. Ranar da na fara aiki ta tambaye ni ko zan sha kofi, na ce a'a na gode, ta haɗa nata ta shanye ina zaune ina jiran ta sake tambaya. Mai hankali da a nan zai ɗau darasi. Ni abin da na ɗauka shi ne matar ba ta da tarbiyya.

A unguwar University Heights nake zaune, cikin Bronx, a ɗaki ɗaya da wani direban tasi ɗan zangon Kumasi ta ƙasar Gana ya ba ni haya a gidansa. Ba ni kaɗai ba ne a ɗakin. Akwai wani Bazazzagi, ajinmu ɗaya, wanda ya zo min da jaka ɗaya a watan da muka gama ya ce kwana uku zai yi. Na shimfiɗa masa katifata ta biyu, kwana ukun ya zama shekara. Ban damu ba, domin yana ɗebe min kewa. Tsakanin Bakano da Bazazzagi ai sai wasa: ni ina ce masa bawana mai shan fate, shi yana ce min Bakano ɗan son banza wanda zai iya sayar da inuwarsa in an taya. Dogo ne, mai fara'a, mai iya gaisuwa. In ya durƙusa yana gaida dattijo sai ka ce a ba shi limanci.

Aiki ne bai samu ba. Muna da kalandar da wani mahauci ya ba mu, a jikinta yake soke kwanakinsa da jan biro. Na ga ya soke na arba'in yana dariya, na ga ya soke na sittin ya daina. Ranar da ya soke na saba'in da huɗu ya zauna a bakin katifa ya ce min, "Mutumina, tsohuwata ta sayar da gonar da babanmu ya bari ta turo ni. Da wane ido zan dube ta?"

Washegari na shiga ofishin Madam na roƙe ta. Na yaba aikinsa fiye da yadda yake, na ce hannunsa ya fi nawa, na ce in babu albashin mutum biyu a fara gwada shi ko da rabin lokaci ne. Ban ji nauyin bakina ko kaɗan ba. Bahaushe yana iya yin naci a kan buƙatar wani har a gaji da shi, tasa buƙatar ce ke maƙale masa a wuya. Ta ɗauke shi, aka ajiye masa tebur kusa da nawa.

A Fabrairu ta kira ni ofishinta, wata ranar Talata da dusar ƙanƙara ta rufe tagar har rabi. Ta ce in rufe ƙofa.

"Yaushe katinka zai ƙare?"

"A Yuli, Madam."

"Lauyanmu ne ke tambaya. Bana mutum ɗaya za mu iya shigar wa takardu, kuma kai ka fara zuwa. Kana buƙata mu shigar maka?"

Wannan tambayar nake jira tun Yuli, ita nake roƙo a kowace sujada. Amma kunnen nan da aka murɗe ina ɗan shekara bakwai shi ya ba da amsa. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Madam, kada ku wahalar da kanku. Abin da kuka yi min ma ya isa. Allah zai kawo mafita."

Ta dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci. Ta ce, "To," ta rubuta wani abu a takarda, ta mai da ido kan kwamfutarta. Na ɗan tsaya ina gyara hular sanyina, ban ji an ce komai ba, na fito. Kuma da farin ciki na fito, ina ganin an yi zagayen farko cikin mutunci, na nuna mata daga gidan da na fito.

A jirgin ƙasa muna komawa gida na ba Bazazzagi labari. Ya kalli ƙasa tsawon tasha ɗaya, sannan ya buga cinyata yana dariya.

"Kai, yau Bakano ya yi abin kai! Ka yi daidai, mutumina. Da ka yi caraf ka ce e, da ta raina ka. Za ta sake kiranka, ka bar ta ta biyo ka."

Haka ya riƙa gaya min duk tsawon Maris. In na ce shirun ya yi yawa, ko in je in tuna mata, sai ya ce, "Ka rufa wa kanka asiri. Bature ba ya son mai naci. Ana can ana shirya maka, so take ta ba ka mamaki." Ni kuma ina jin daɗin maganar, saboda ta yi daidai da abin da nake son ji. A watan ne na ga ya fara yawo da wata ambulan mai ruwan ƙasa, yana tsawaita fitar cin abincin rana, ya kwafi fasfonsa da takardun makarantarsa a injin ofis. Na tambaye shi, ya ce fasfo zai sabunta. Har ni na riƙe masa takardun yana jera su.

Sati na biyu na Afrilu haƙurina ya ƙare. Na shiga wurin Madam, na gaishe ta, na tambayi lafiyar karenta, na yi zancen wata matattakala da muke fama da ita, sai da na zagaye gari sannan na ce, "Madam, maganar takardun nan da kika yi min kwanaki."

Ta cire tabarau. "An shigar tun satin da ya wuce. Na abokinka."

Ban san yadda fuskata ta yi ba, amma na ga tata ta sauya.

"Kai ka ce ba ka buƙata," in ji ta a hankali. "Na ma yi shakka. Na taɓa aiki da mutanen da ba sa iya cewa e kai tsaye, shi ya sa washegari na kira abokinka na tambaye shi ko kunya kake ji, in sake yi maka magana. Ya ce a'a, ku mutanenku in kun ce a'a to a'a ce. Ya ce mahaifinka yana da kamfanin gini a Kano, yana jiranka ka koma ka riƙe."

Mahaifina tsohon shugaban makarantar firamare ne. Ginin da ya mallaka a duniya shi ne katangar gidanmu ta baya, wadda ke faɗuwa kowace damina muna tayarwa. Amma ba ƙaryar ce ta fi ci min rai ba. Abin da ya ƙona ni shi ne ashe tayi na biyun ya zo. Matar da nake cewa ba ta da tarbiyya ta yi abin da mahaifiyata ta ce mutanen kirki suna yi, sai dai ta aiko shi ta hannun mutum ɗaya tak a garin nan da ya san ma'anar a'a ɗina, shi kuma ya tare shi a hanya ya cinye.

Ta ce ta yi baƙin ciki, kuma na yarda ta yi. Ta ce babu abin da lauya zai iya yi yanzu, ƙofa ta rufe sai baɗi. Ta miƙo min kwalin takardar share hawaye, na ce a'a ba komai, ta mayar da shi cikin aljihun teburinta.

Ban yi wa Bazazzagi magana a ofis ba, ban yi masa a jirgi ba. Sai ranar Asabar da safe na same shi a kicin yana soya ƙwai a kaskona, maigidanmu direban tasi yana zaune yana shan shayi kafin ya fita.

"Me ka gaya wa Madam a kaina?"

Bai ko juyo ba. Ya juya ƙwan tukuna, ya rage wuta.

"Ni na ce ka ce a'a? Da bakinka ka faɗa."

"Ka san abin da nake nufi. Kai ka fi kowa sani."

"Na sani," in ji shi, ya juyo yana kallona ido cikin ido. "Amma ita ba ta tambaye ka abin da kake nufi ba, ta tambaye ka abin da kake so. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kai ka ɓoye naka. Guri ɗaya ne, mutumina. Ka ajiye shi a ƙasa kana jira a durƙusa a miƙo maka, ni na ɗauka. In kunyar ce, ka kai ta wurin lauya ya buga mata hatimi mu ga ko za ta tsallakar da kai a filin jirgi."

"Ni na kai ka wurin nan."

"Ka kai ni, na gode, Allah ya saka. So kake in biya ka da tsohuwata?"

Na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, maigidan ya shiga tsakani da kofinsa a hannu. Da ya ji labarin duka sai ya dafe kai ya ce, "Ei, massa! Ƙasar nan ba a cewa na ƙoshi fa. Ko ka ci ka cika tumbi, ka ce yunwa kake ji, ka saka saura a aljihu." Bazazzagi ya juye ƙwansa a faranti, ya turo shi gabana ya ce, "Bismillah." Har yau ban san ko izgili ne ko sabo ba.

Maganar ta kai kunnen dattawa, kamar yadda kowace magana take kaiwa. Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci a layin 116 a Harlem, aka zaunar da mu a wani gidan abinci wai za a yi sulhu. Akwai wani tela ɗan Nijar, da wasu 'yan Gana biyu, da wani dattijo Bakatsine da ya shekara talatin a garin. Aka ce in faɗi abin da ya faru. Ina zuwa wurin "kada ku wahalar da kanku" sai teburin ya ɓarke da dariya. Telan har da share hawaye, yana haɗawa da Faransanci, yana cewa, "Bon, Malam, wa ka ɗauka matar nan? Surukarka ce?" Dattijon ya tsawata musu, amma shi ma gemunsa na rawa. Ya ce abin da Bazazzagi ya yi bai kyauta ba, amma rabo ne, abin da ba naka ba ko yana bakinka sai ya faɗi, in yi haƙuri in yafe. Bazazzagi ya durƙusa ya ce a gafarce shi, sharrin shaiɗan ne da tsoro. Kowa ya ce madalla da wannan yaro mai ladabi. Da aka kawo shinkafa da nama, ɗaya daga cikin 'yan Ganan ya janye farantin daga gabana ya ce, "A ba wani, shi wannan ya ƙoshi." Daga ranar sunan ya bi ni. In na shigo shago a ce ga Na-ƙoshi nan, har yaran da ba sa mayar da Hausa sun iya faɗinsa.

Na yi fushi da dokar, na yi fushi da Madam, amma kaɗan. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma nawa maratayin a ɗakina yake kwana, a tebur na kusa da nawa yake wuni.

Watanni ukun da suka rage na koyi cewa e, lokacin da ba ta da sauran amfani. An ce jami'o'i da wasu ƙungiyoyi ba sa shiga ƙuri'a, suna iya tsaya wa mutum a kowane wata, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowane fom yana da tambayar nan: shin za ka buƙaci mu tsaya maka wajen biza? Ina cika e da manyan baƙaƙe. A waya kuwa tun kafin a gama tambayar nake cewa e, ina buƙata, ina buƙata ƙwarai. Sai in ji muryar ta yi sanyi, a ce za a neme ni. Babu wanda ya neme ni.

A ofis kuma Madam ta ce tunda zan tafi, in koya wa Bazazzagi ayyukan da ke hannuna. Na zauna kusa da shi ina nuna masa gidajen da na auna da gwiwoyina, ina gyara masa kuskure. Bai iya matattakala ba, kullum sai ya ɓata tsayin taki. Akwai ranar da na ga kuskuren da in na bar shi zai iya cin aikinsa. Na daɗe ina kallon layin. Na gyara ne saboda mutanen da za su hau benen ba su yi min komai ba, ba don shi ba. Ya ce, "Kai, Bakano akwai ido," ya sa sunansa a ƙasan zanen.

A Yuni ƙuri'a ta fito masa. A gabana lauya ya bugo, ya faɗi ya yi sujada a kan kafet ɗin ofis, ma'aikata suka yi ta tafi. Ya taso ya rungume ni yana cewa in taya shi murna. Na ji ƙamshin turarena a jikin rigarsa.

Katina ya mutu a Yuli, aka ba ni kwana sittin in tattara. Maigidanmu ya same ni a ɗaki ya ce in zauna kawai, mutane nawa ke zaune babu takarda, zai sama min abin yi a wurin wani ɗan'uwansa mai shago. Na ce a'a. Ya sake faɗa, na ce a'a. Ya kama hannuna biyu ya faɗa a karo na uku. Shi kaɗai ne a duk New York ya yi min tayi yadda aka koya min, kuma abin da ya miƙo ba zan iya ci ba. Na ga yadda masu irin wannan zaman suke, uwa ta rasu a gida mutum yana bin jana'iza a waya. Na gode masa, na sayi tikiti.

Saura kwana biyu in tashi Bazazzagi ya shigo da wani ƙunshi. Ya ce maganin ciwon gwiwa ne da takalmi da mayafi, na tsohuwarsa. "Tunda hanya ce, mutumina. Kano da Zariya ai gida ɗaya ne." Na kalli ƙunshin, na kalle shi, na karɓa. Ya ɗauka yafiya ce. Ni kuwa na karɓa ne domin ina son in ga matar da aka sayar da ni saboda ita, in zauna a gabanta in gaya mata irin ɗan da ta haifa.

Sati biyu da dawowata na hau mota zuwa Zariya. Na sami gidan da kwatance, a wani lungu, ƙaramin gida na ƙasa da rabin katangarsa ta zube. Da azahar na isa. Tsohuwa ce ƙarama, tana jan ƙafa ɗaya, ita kaɗai a tsakar gida. Da na faɗi daga inda nake sai ta rasa inda za ta sa ni. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, ta buɗe ƙunshin tana shafa takalmin kamar mai rai.

"Kai ne Bakanon," in ji ta. "Ɗana, abokinka ya gaya min komai a waya. Ya ce guri ɗaya ne, kai aka fara yi wa tayi, ka ce kai ka ƙoshi a ba ɗan'uwanka. Kullum sai na sa ka a addu'a. Uwar da ta haife ka ta iya tarbiyya."

Maganar da na ɗauko tun daga Bronx ɗanta ya riga ya toshe mata hanya. A gefenta akwai kwano a rufe da faifai, can kusa da murhu kuma tukunya ce an wanke an kife. Ta lura da inda idona ya je, ta buɗe kwanon. Fate ne, bai fi cikin ludayi uku ba, kuma ko ba a faɗa ba na san shi ne abincinta na ranar.

"Bismillah, ɗana."

Na ja kwanon gabana. Na ga ta ɗan yi turus, hannunta da ya riga ya tafi zai mayar da faifai ya tsaya a iska. Na sha faten nan tana kallona, ban ɗago ba, ban ce ta sa hannu ba. Ba yunwa nake ji ba, na ci abinci a tasha. Na sa yatsa na suɗe gefen kwanon, na ajiye shi a gabanta fes.

Ta dubi kwanon, ta dubi tukunyar da ke kife, ta yi murmushin da na san irinsa a fuskar mahaifiyata.

"A ƙaro maka?"

Na ce, "E, a ƙaro."

Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki kwanon, ta yafa sabon mayafin da na kawo mata. Ina zaune a kan tabarmarta na ji tana jan ƙafa ta fita, na ji ta tsaya a ƙofar maƙwabta tana sallama ƙasa-ƙasa.